Gwangwani Shida na Gero

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar ni da numfashi har na zauna na rubuta wannan. Na daɗe ina ba da labarin nan da baki, a gidan biki da ofishin malamai, ana dariya har da riƙe ciki. Yanzu na daina ba da shi haka. Zan rubuta shi sau ɗaya, cikakke, har da ƙarshensa.

Sunana Hajara. Malamar lissafi ce ni a wata firamare a Daurawa, gidanmu kuma yana Gyaɗi-Gyaɗi. Shekara huɗu da suka wuce aka cire mini nonon hagu saboda sankara. An yi mini ƙarin ruwan nan mai wahalarwa sau shida, gashin kaina ya zube ya sake fitowa, aka ɗora ni a kan wata ƙwaya da nake sha kullum, aka ce in riƙa komawa asibiti duk bayan wata shida. Ranar da aka gama da ni, likitan ya faɗi wata magana da ta zauna mini a ka: "Malama, duk ciwon da ya yi sati biyu bai tafi ba, musamman a baya ko a ƙashi, ki zo. Kada ki jira ranar da muka rubuta miki." Na ce to. A ranar ko me ya ce, to zan ce, gida kawai nake so.

Akwai abin da ba a gaya wa mace kafin aiki, wato yadda riga za ta zauna mata bayansa. A hanya hijabi yana rufe komai. A aji kuwa ba na iya rubutu a allo da zurmemen hijabi, yara kuma ba abin da idonsu ba ya gani. Maƙwabciyata Maman Ngozi tela ce, haifaffiyar Kano, ita ta ɗinka mini 'yar jaka da yadi mai laushi muka cusa mata auduga, nake sawa a gefen da babu. Matsalar auduga ba ta da nauyi. Ina yin ruku'u sai ta haura, in ɗago in same ta kusa da wuyana.

Binta ce ta warware mini wannan. A layin asibiti muka haɗu tun muna karɓar ƙarin ruwa. 'Yar Unguwar Gano ce, na girme ta da kusan shekara goma, sana'arta cincin da dubulan na biki. Ita na dama aka cire mata, ni na hagu, shi ya sa takan ce idan aka haɗa mu za a sami mace guda cikakkiya. Ranar da na yi mata ƙorafin audugar, kallona ta yi kamar jiya na zo daga ƙauye.

"Haba Anti, auduga kike sawa? Ai gero ake zubawa. Gero yana kwanciya kamar tsoka, ko tsalle kika yi yana nan inda kika ajiye shi."

Da gwangwanin madara uku na fara, ya kuwa zauna daram. Amma ƙwayar da nake sha ta sa na yi ƙiba, ɗaya gefen ya ƙaru, ni ma na yi ta ƙara gero don su daidaita. Cikin shekara biyu na kai gwangwani shida. Da jakar ta fara rinjaya, Maman Ngozi ta sa mata igiya da nake ratayawa a kafaɗar hagu, ina kama ta da fil uku. Tun bayan asuba nake sa ta, sai zan kwanta nake cirewa. Ban taɓa ɗaukarta a matsayin kaya ba, na mayar da ita jikina.

Sai Goggo Rabi, ƙanwar mahaifina. Tun kafin a yi mini aiki ta ce ba da yawunta ba. "Wannan daji ne," in ji ta, "daji kuwa ba ya son ƙarfe. Kuka bari aka taɓa shi da wuƙa ko allura, guduwa zai yi ya shige ciki, ya je ya ɓuya inda ido ba ya kaiwa." Ba mu bi ta tata ba. Da na warke, Malam, maigidana, ya yanka rago aka yi sauka, dangi suka cika gida ana yi mini barka da arziki. Goggo ta ci, ta wanke hannu, ta ce Allah ya sa an rabu ke nan. Yadda ta faɗe shi ne bai bar ni ba.

Ciwon bayan ya fara ne da daminar bara, ranar wata Talata, ina sallar Azahar a ofishin malamai. Na sunkuya ruku'u na ji wani abu ya riƙe ni daga ƙarƙashin allon kafaɗa ya gangara zuwa ƙugu. Ba wani zafi mai tsanani ba ne. Na idar da salla, na naɗe darduma, na koma aji na koyar da rabawa. A satin farko na ɗora laifin a kan adaidaita sahu da ramukan da ruwa ya haƙa a hanyarmu. Na sha farasitamol, na shafa man zafi, na kwanta a tabarma maimakon katifa.

A sati na biyu na fara lissafi. Likita ya ce sati biyu. Ni kuwa lissafi ne aikina, na san yadda ake sa shi ya ba da amsar da ake so. Duk ranar da ciwon ya ɗan lafa da safe, sai in ce ai ya tafi, na yamma sabo ne, in sake ƙirgawa daga ɗaya. Da wannan dabarar na yi wata guda ban cika kwana goma sha huɗu ba. Da ɗalibina ne ya kawo mini irin wannan aiki, da jan biro zan bi shi.

Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Lokacin tara, sauran malamai suna cin ɗanwake, ni ina gefe ina tambayar waya me ciwon baya yake nufi ga wadda ta taɓa yin sankarar mama. Ko ta ina na shiga, amsa ɗaya nake tararwa: yana iya yiwuwa ta koma ƙashi. Na daina dubawa, sannan na sake dubawa. A gida na fara wasu shirye-shirye ba tare da na kira su da sunansu ba. Na haɗa takardun makarantar yara a jaka ɗaya na nuna wa babbar 'yata Ummi inda suke. Na tsayar da ita a madafa na koya mata yadda babanta yake son miyar kuka. Atamfar da na ajiye don Salla na ba ƙanwata, na ce launin bai karɓe ni ba.

Me ya hana ni faɗa? Na sha tambayar kaina. An ci rago, an yi sauka, mutane sun zo daga nesa sun yi mini barka. Na ji nauyin in sake tara su a ce a dawo dubiya, kamar na karɓi barkar da ba tawa ba. Ga kuma Goggo. Ban san wanne na fi tsoro ba, a ce ciwon ya dawo ko a ce maganarta ta tabbata.

A sati na biyar Malam ya kama ni. Kafinta ne, ba shi da yawan magana, amma idan abu ya karkace ko da kaurin farce ne sai ya gani. Ya dawo daga shago da la'asar ya tarar ina salla a zaune. Ya jira na sallame.

"Hajara, yaushe kika fara salla a zaune?"

"Gajiya ce, Malam."

"Gajiyar kwana nawa?"

Na kama naɗe darduma. Ya ce, "Ummi ta ce kin nuna mata inda takardu suke." Daga nan ban sake iya riƙewa ba, na gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce jibi ranar asibitinku ce, ko ba haka ba? Na ce haka ne. Ya ce to.

Kuskurensa ɗaya, ya gaya wa yayarsa don ta taya mu da addu'a. Washegari kafin Azahar gidan ya cika. A Kano duk ciwon da ke tsakanin wuya da gwiwa, in ba basir ba ne to sanyi ne, kuma kowa yana da maganinsa a jaka. An kawo mini saiwoyi, an kawo man habbatus sauda, an kawo rubutu a galan. Rubutun na sha, man na shafa, saiwoyin na ajiye a bayan ƙofa. Goggo ta zo da wanzami a yi mini ƙaho. Matar da ta ce daji ba ya son ƙarfe ita ce ta kawo mai aska har tsakar gidana. Malam ya fita ya ba shi haƙuri ya sallame shi. Goggo ta zauna kusa da ni ta ce, "Ni dai na faɗa." Sau ɗaya ta faɗa, sai kuma ta kama ƙafata tana matsawa tana hawaye, har la'asar ba ta saki ba. Na ji haushinta, na kuma gode mata, duk a zama ɗaya.

Ranar asibiti muna idar da asuba muka fita, duk da haka mun tarar da mutum fiye da talatin a gabanmu. Wanda bai taɓa zaman bencin nan ba ba zai gane ba. Kowa ya san abin da ya kawo na kusa da shi, saboda haka ba a tambaya, sai dai a ce ya jiki, a ce da sauƙi. Sai bayan Azahar aka kira ni. Likitan ya bi ƙashin bayana yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya nan fa, nan fa.

"Tun yaushe?"

Na buɗe baki zan rage, Malam ya riga ni. "Sati biyar ne, likita."

Likitan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da rubutu. Na gwammace ya zage ni. Ya rubuta gwajin jini da hoton ƙashi, ya ce idan an kawo su za a yi babban hoto, irin wanda ake zura mutum cikin na'ura. Na tambaye shi kai tsaye ko ya dawo ne. Ya ce, "Ban sani ba, Malama. Kuma ba zan yi miki ƙarya don hankalinki ya kwanta ba. Sai mun duba."

Jini bai nuna wani abu ba, ƙaramin hoton kuma aka ce bai isa a yanke hukunci da shi ba. Babban hoton sai da muka jira sati biyu kafin layi ya zo kanmu, kuɗinsa kuma ya ci 'yan kunnen da na gada wurin mahaifiyata. Waɗannan sati biyun su ne mafi tsawo. Abin da na lura shi ne tsoro ya fi samuna idan hannuna ba ya komai, saboda haka ban ɗauki hutu ba. Na ci gaba da zuwa makaranta, na karɓi makin jarrabawar ajin wata malama da ta haihu, na wanke labulayen da ba su yi datti ba. Bayan la'asar nakan karanta izu ɗaya, wani lokaci in kai ƙarshe ban san me na karanta ba, in sake. Na ba Ummi wayata na ce kada ta ba ni sai za a kira ni. Maman Ngozi takan leƙo da farfesu mai yaji ta ce, "Malama, mun sa sunanki a addu'a ranar Lahadi, ki ci wannan ki daina kallon bango." Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Ya dai koma kamar baƙon da ya daɗe a gida, ana aiki yana zaune.

Binta ta kira ni sau biyu a lokacin, ban ɗauka ba. Na ce kada in tayar mata da hankali, tunda jirgi ɗaya ya ɗauko mu.

Ranar babban hoto, wata ma'aikaciyar jinya mai fara'a ta kai ni wani ɗan ɗaki ta ba ni rigar asibiti. Ta ce in cire duk wani ƙarfe da ke jikina, zobe, sarƙa, har fil. Na tsaya ina jan lokaci. Ta ce, "Mama, ba abin da ban gani ba a ɗakin nan." Na kwance fil ukun, na zare igiyar daga kafaɗa, na miƙa mata jakar. Ta karɓa da hannu ɗaya, hannun ya yi ƙasa, ta tallafe da ɗayan.

"Innalillahi! Mama, mene ne a ciki?"

"Gero ne."

"Gero? Kullum kike yawo da wannan a kafaɗa ɗaya?"

"Shekara biyu ke nan."

Ta jinjina shi, ta dubi shatin da igiyar ta yi mini a kafaɗa, ta ce za ta gaya wa likitana. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, hankalina yana kan na'urar. Aka kwantar da ni aka zura ni ciki, aka ce kada in motsa. Ƙararta kamar injin markaɗen unguwarmu. Na rufe ido na yi ta salati har aka jawo ni.

Bayan kwana shida muka koma karɓar sakamako. Likitan ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ni kuma ina kallon bakinsa. Ya ce, "Ba mu ga alamar ya yaɗu ba." Malam ya ce alhamdulillahi da ƙarfin da ban taɓa jin ya yi magana da shi ba. Likitan ya ce akwai 'yar zaizayar ƙashi irin ta shekaru, naman bayan kuma ya wahala. Sannan ya ce an ba shi labarin wata jaka, yana so ya gani. Na juya baya na ciro ta. Ya ɗora ta a tafin hannu yana ƙoƙarin danne dariya, ya rubuta mini takardar zuwa sashen gashin ƙashi. Muna miƙewa ya ce, "Malama, ki lura. Mun ce gero ne bayan mun duba. Kafin a duba, ba mai iya cewa." Na ji shi da kunnena. Amma a lokacin zuciyata ta riga ta kai gida.

A sashen gashin ƙashi wata mata ta tsayar da ni gaban madubi ta nuna mini kafaɗata ta hagu ta fi ta dama sauka da kusan yatsa biyu. Ta koya mini motsa jiki, ta ce a rage geron zuwa rabi a cika da auduga, a sa shi cikin rigar mama mai faɗin hannu yadda kafaɗu biyu za su raba nauyin. Maman Ngozi ta ɗinka, ragowar geron kuma kajinta suka cinye. Cikin sati uku ciwon ya tafi.

Daga nan labarin ya zama abin dariya, ni ce kuma na mayar da shi haka. Goggo ta ce, "Ashe abinci kika ɗauka a ƙirji, mu muna nan muna zubar da hawaye." Na ba da shi a makaranta, na ba da shi a gidan suna, ina kwaikwayon yadda hannun ma'aikaciyar nan ya yi ƙasa. Na iya ba da labari, kuma wanda ya fito daga tsoro yana son ya ji ana dariya.

Ranar wata Asabar na hau adaidaita na tafi Unguwar Gano in ba Binta haƙurin ƙin ɗaukar wayarta. Na same ta a tsakar gida tana suyar cincin, tana zaune a 'yar kujera ta tokare bayanta da matashi a jikin bango. Na ga matashin. Na zauna na kwashe labari tun daga ruku'u har kajin Maman Ngozi, na ce ga abin da geronta ya jawo mini. Ta yi dariya har tana share ido da gefen zani. Da ta lafa sai ta ce:

"Wallahi Anti kin taimake ni. Ni ma bayan nan wata biyu ke nan yana damuna, na kasa gaya wa kowa, ko maigidana Baban Amira bai sani ba. Ashe gero ne!"

Nan take ta sa hannu cikin riga ta ciro tata jakar, ta warware bakin, ta juye rabi a faranti. Na ce, "Rage shi ki gani, ni sati uku ya yi ya tafi." Ta cika mini leda da cincin, ta rako ni har bakin titi.

Ina so in ce na gaya mata ta je asibiti. Na koma kan wannan zaman sau ba adadi ina neman inda na faɗa, ko a bakin ƙofa ne, ko ina sa takalmi. Ban faɗa ba. Maganar da likita ya yi mini muna miƙewa, wadda ita ce kan labarin, ita kaɗai na bari a asibiti.

Ranar komawar Binta saura wata huɗu a lokacin, ga bukukuwa sun taso, aiki ya yi mata yawa. Nakan kira ta in ce ya bayan, ta ce da sauƙi Anti. Ni da na shekara ina zaman benci na fi kowa sanin abin da wannan amsar take ɗauka, amma na karɓa, domin ita nake son ji. Bayan wata uku mijinta ya kira ni da hantsi ina aji. Ya ce Binta ta tashi za ta yi alwala ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, suna asibiti.

Nata ya yaɗu. Ya kama ƙashin baya, ya danne jijiyar da ke tafiyar da ƙafafu. Likitanmu ɗaya da ita. Na tare shi a baranda na ce, "Likita, da ta zo da wuri fa?" Ya ce, "Rai na Allah ne, Malama, ba zan ce da mun raba ta da ciwon ba. Amma ƙafafun, da wataƙila mun tsare mata su, da kuma ba ta sha wannan azabar ba." Bai san ina da hannu a ciki ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Sati bakwai ta yi a kwance, uku a asibiti, huɗu a gida. Kullum na tashi daga makaranta can nake wucewa in karɓi mahaifiyarta ta samu ta runtsa. Na koyi juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Na koyi canja zanin gado mutum yana kai, da ba da kunu da cokali ba tare da an ƙware ba, da gane lokacin da maganin zafi ya fara sakinta tun kafin ta faɗa. Dangi sun zo da saiwoyinsu kamar yadda suka zo mini. Goggo Rabi ma, da ba ta san ta ba sai a bakina, ta zo dubiya sau biyu, kuma ba ta ce komai game da ƙarfe ba.

Wata rana da yamma ina shafa mata mai a ƙafa, ɗakin ba kowa, na ce, "Binta, ki yafe mini. Ni na zo na ce miki gero ne."

Ta juyo da kai ta dube ni. Sannan ta ce, "Anti, ni ma fa likitan nan ya gaya mini zancen sati biyu. Ban manta ba. Neman wanda zai ce mini ba komai nake yi, sai Allah ya kawo ki." Ta ɗan yi murmushi. "Na yafe. Ki ja mini zanin nan, ƙafar ba na jin ta amma ina ganin kamar tana jin sanyi."

Ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi, ta bar 'ya'ya uku. Ranar sadakar uku an daka gero an yi gumba ana rabawa. Aka miƙo mini, na karɓa, na riƙe a hannu har na iso gida.

Watan jiya na koma asibiti, ganin likita na bayan wata shida. Ina zaune a benci, wata mata da ban taɓa gani ba tana hira da ta kusa da ita. Ta ce ai ba kowane ciwon baya ne abin tsoro ba, akwai wata malama a Gyaɗi-Gyaɗi da ta sayar da gwal ɗinta aka yi mata hoto, ashe gero ne ta ɗauka a ƙirji, kwano guda. Suka yi dariya. Ta ce ita ma ƙanwarta da aka yi wa aiki bara tana fama da baya, ta ce mata ta rage geron tukuna ta gani.

Gwangwani shida ya zama kwano, labarin ya yi tafiyarsa ba tare da ni ba, kuma ba Binta a cikinsa. Na matsa kusa da matar na ce ni ce malamar. Na ce ta kira ƙanwar tata yanzu ta ba ni wayar. Ta tsaya tana kallona, na ce ina jira. An kira sunana sau biyu ban tashi ba, sai da yarinyar ta ɗauka.

Abin da ya sa na rubuta ke nan. Ba ni da ikon dawo da labarin daga inda ya kai. Duk wadda ya iso wa, ta haɗa da na Binta kafin ta ba wata. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.